Rawar Wankin Kuza a Bakin Dilimi

Idan ka bi gaɓar kogin Dilimi na Jos da ƙafa daga Gangare ka yi arewa, za ka sha wuya kafin ka ga gidan da ya fuskanci ruwan. Ƙofofi titi suke kallo. Abin da aka bar wa kogi shi ne bangon baya, da bututun makwarara, da juji. A nan aka haife ni, a nan na yi wayo, kuma haka na taso na tarar.

Sana'ata haɗa sauti. Ina da ɗan situdiyo inda nake ɗaukar mawaƙan biki, da sha'irai, da masu tallan maganin gargajiya irin wanda ake sakawa a lasifikar mota. Bayan ɗaukewar damina wata malama da ta karanci wasan kwaikwayo a jami'a ta zo ta same ni. Ta ce so take ta tara matasa daga unguwannin da kogin ya ratsa, a ɗauki sautin ruwan da na mutanen da ke cin abinci a bakinsa, a gina rawa a kai, a nuna wa jama'a a wurin. Kuɗin da ke hannunta ba su taka kara sun karya ba: na mota, na shayi da burodi, sai hayar janareta.

Na ce, "Malama, Dilimi fa kwata ce yanzu. Me za a ji a ciki?"

Ta ce, "To mu je mu ji. In babu komai ai mun huta."

Kafin a kunna na'ura sai da muka durƙusa a zauren Mai unguwa. Ya saurare mu har muka dasa aya, sannan ya jero tambayoyinsa: na gwamnati ne? Akwai ɗan siyasa a bayan abin? Wa zai amsa in yaron wani ya zame ya karye? Malama ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ni ban ƙi ba, amma ku ga Liman."

Wajen Liman aka yi ta. Da ya ji an haɗa rawa da bakin rafi a magana guda sai ya ajiye carbinsa. Ba sai an faɗa ba, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda hankalinsa ya tafi: 'yan bori, garaya da goge, da Sarkin Rafi da ake kira ya sauka. Na ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ba wannan ba ne. Motsin masu wanki da masu lambu za a kwaikwaya, kuma ni zan riƙe sautin, ba wanda zai kira kowa." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya gindaya mana sharuɗɗa. Ba garaya, ba goge. Ba cakuɗa samari da 'yan mata a fili. Ana kiran salla a tsaya. Kuma kafin a nuna wa jama'a, a nuna wa wanda zai wakilta. Malama ta ɗan ɓata rai kan maganar 'yan mata, muna fita ta ce rabin labarin kogin a hannun mata yake. Gaskiyarta. Amma na san unguwarmu: da mun ja, ko yaro ɗaya ba za mu samu ba.

Sai matsalar wurin haɗuwa. Malama ta riga ta yi magana da wasu samarin Afizere masu busa sarewar Asharuwa, da wani Birom mai kiɗan kundung (jerin katakai ne da ake bugawa), da wasu matasa daga wata majami'a. Mutumin Jos ba ya bukatar a yi masa bayani. Tun rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 2008, da na 2010, akwai gadojin da mutum ba ya tsallakawa sai da dalili mai ƙarfi, kuma iyaye ba sa ɗaukar "zan je koyon rawa" a matsayin dalili. Wani manomin rani ne ya fitar da mu. Ya ba mu gindin mangwaro a gefen lambunsa, can wajen Farin Gada, inda kowa ke zuwa sarin kabeji da karas da latas, ba mai tambayarka me ya kawo ka.

Ɓangarena na farko shi ne na'urar jin cikin ruwa. Ta kanti tsada gare ta, don haka na haɗa tawa. A wajen 'yan gwangwan na samo tsofaffin agogunan ƙararrawa, na fasa, na ciro ɗan faifan tagullar nan da ke yin ƙara a cikinsu. Shi wannan faifan, in ka ba shi wuta ya yi kuka, in kuma ka girgiza shi ya ba ka wuta kaɗan, to wannan 'yar wutar ita ce sautin. Na like masa waya da dalma, na shafe shi da gam ɗin da masu gilashi ke toshe taga da shi, na ɗaura masa noti don ya nutse, na rataya a sandar gora. Yaran sun taya ni, kowa ya haɗa nasa. Wasu sun yi aiki, wasu ruwa ya shige su tun a ranar farko.

Wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ne ya fara sa abin sauraro a kunne. Ya zura sandar a wani ɗan mazurari tsakanin duwatsu biyu, sai ya zabura ya cire, ya ce, "Yallaɓai, na'urarka ta lalace." Na karɓa na saurara. Lafiyarta ƙalau. Wani irin cau-cau ne ba ƙaƙƙautawa, kamar an watsa albasa cikin mai mai zafi. Yashi ne. Ruwan da kake gani a kwance daga sama, a ƙasa yana ta mirgina ƙwayoyin yashi suna dukan dutse suna dukan faifan. Muka matsa gaba kaɗan, sai wani gurnani ya cika kunne, alhali a waje ba ma jin komai. Sai da muka zagaya kwana muka tarar da injin ban-ruwa yana aiki, tiyonsa a cikin kogi. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,480 a daƙiƙa, a iska kuwa wajen 340 ne, kuma ruwa ba ya saurin kashe shi, shi ya sa abin da ke nesa yake zuwa maka kamar a gefenka. Wanda yaran suka fi so shi ne na leda. In baƙar leda ta maƙale a kara cikin ruwa, takan yi wani fat-fat-fat mai tsari, har wani ya fara gyaɗa kai yana bin ta.

Ba a jima ba muka gane lokacin ɗauka shi ne bayan asuba, kafin a tayar da injuna, kafin 'yan keke su cika titi. Wannan kuwa a Disambar Jos, garin da ke kan tudu wajen mita 1,200, ba wasa ba ne. Yatsu kan sandare har ka kasa danna waya. Iskar hunturu kuma in ta bugi makirufo sai ta shafe komai, maganinta safa: kowa ya sa wa wayarsa safa biyu.

Da na zauna a situdiyo ina tace abin da muka tara, sai na ga shi kogin da rani ba shi da wata murya mai yawa. In ka cire yashin nan da ɗan ƙulun-ƙulun a bakin duwatsu, sauran duk mutane ne: shebur na masu ɗiban yashi, tiyon masu wankin mota, bokiti, tari, gardamar ciniki, kiran salla daga wannan gaɓa, ƙararrawar coci daga waccan. Na gaya wa Malama in dai kukan ruwa mai sanyaya rai take nema, sai dai mu hau mota mu tafi Assop, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ta ce a'a, wannan ɗin take so.

Cikin duk abin da muka ɗauka ba abin da ya kai bugun wani dattijo mai wanki. Dutsensa ya yi sulɓi saboda shekaru. Yakan naɗe riga ya ɗaga ta sama da kai, ya sauke sau biyu a hankali, na uku da ƙarfi tare da fitar da numfashi, "hah", sannan ɗan shiru yana juya ta. Biyu, ɗaya, shiru. Na auna a kwamfuta, tazarar ba ta kaucewa sai ƙalilan, ko makaɗin da ya ƙware sai haka. Da na ce masa, "Baba, ka san kiɗa kake yi?" sai ya ce, "Yaro, ni dai kayan mutane nake wankewa. In ka yi garaje kafaɗa ba za ta kai ka azahar ba." Shi ne kuma ya koya wa yaran abin da babu a littafinsu: da damina, in ka ga ruwan ya rine ya yi ja, karare da robobi sun fara zuwa, ko da sama garau take a kanka, kwashi kayanka ka hau tudu, an yi ruwa a can sama kuma yana tafe.

Ɓangaren rawa kuwa da farko bai tafi ba. Malama ta zo da irin atisayen da aka koya musu a makaranta. Ta tsayar da samari a gindin mangwaro ta ce su rufe ido, kowa ya ɗauka shi ruwa ne. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Wannan yana kaɗa hannu, wancan yana lanƙwasa, mai lambu ya jingina da fartanyarsa yana kallon ikon Allah, ƙarshe kowa ya fashe da dariya. Yaron Gangare bai san ruwa a matsayin abin da ake zama ba. Ya san shi abin da ake ɗiba, a tsallaka, a guje wa.

Wata yarinya cikin masu zuwa zaman mata ce ta ce kakarta ta yi wankin kuza. Zaman mata a cikin gida ake yi, ni ba na shiga, na'ura nake ba su. Amma kakar, Iya, ta ce ita ta wuce wannan, a shimfiɗa mata tabarma a zaure, a kira samarin duka.

Ta fara da ubanta. Ta ce ba da son ransa ya zo Jos ba, ɗiban gwamna ne ya kawo shi. Yaran ba su taɓa jin kalmar ba, sai na ɗan cike musu. Kuza ce ta kafa garin nan. Tun wajen 1903 Turawa suka biyo wannan kogin suna neman inda take fitowa, suka yi sansani a Naraguta, zuwa 1914 har an jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya don kwasarta. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta ana tsakiyar yaƙi, sai aka bi lardunan Arewa ana ɗibar mutane da ƙarfin hukuma ana kawo su ramukan Filato, har zuwa 1944. Da yawa sanyi da yunwa da ciwo suka kashe su. Uban Iya ya rayu, bai koma gida ba, ya yi aure a nan. Ita kuma tun tana 'yar talla take bin uwarta bakin rafi suna wanke ƙasar da kamfani ya zubar, suna tsintar abin da ya rage su sayar da awo. Ta ce ba ta daina ba sai da kasuwar ta mutu. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe ne a 1985.

Sai ta ce a kawo mata ƙwarya, da baho cike da ruwa, da yashi cikin kwano.

Ba ta iya tsugunno yanzu, a kan kujera 'yar tsugunno ta zauna, baho a tsakanin ƙafafunta. Ta zuba yashin, ta nutsar da ƙwaryar har ruwa ya rufe shi, ta cuɗa da yatsu ta watsar da tsakuwa. Sannan ta kama bakin ƙwaryar da hannu biyu ta fara juyawa. Ba hannun ne ke juyi ba. Gwiwar hannunta a manne take da haƙarƙari, ƙugu ne ke zagayawa, kafaɗa na biye, ƙwaryar tana tafiya da su. Zagaye uku, sai ta ɗan karkata bakin gaba, ruwa ya kwashi yashin sama ya fita da shi. Ta girgiza hagu da dama sau biyu, ta ɗebo sabon ruwa, ta koma juyi. Idonta ba ya kan ƙwaryar, yana kan yaran, tana ta ba su labarin wani malamin awo da ke danne sikeli da ɗan yatsa. Hikimar abin ita ce nauyi: kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, don haka duk juyi ita tana nutsewa gindi shi yana tasowa. Da ta gama, sai ga ɗan baƙin gari a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokalin shayi ba. Yashin daga bakin Dilimi aka ɗebo shi da safen nan. Ta dangwala da yatsa ta murza, ta ce yawancinsa baƙin ƙarfe ne kawai, amma da za a bi a hankali ba za a rasa ba.

Zauren ya yi tsit. Malama ta ce, "Iya, don Allah a sake, a hankali." Iya ta ce, "Ke 'yar nan, a hankali ba ya wankuwa."

Daga ranar aka daina cewa kowa ya zama ruwa. Aka sayo ƙore, aka koma bakin kogi, kowane yaro sai da ya koyi wankin na gaske, da yashi da ruwa, har ya iya tsayar da baƙin a gindi, kafin a yarda ya yi shi da ƙwarya wayam. Bambancin a bayyane yake. Wanda bai taɓa jin nauyin jiƙaƙƙen yashi ba, da hannu yake juyawa, kuma daga nesa za ka gane ƙarya yake yi. Aka ƙara da ɗagawa da saukewar Baba mai wanki. Mai lambu ya ga abin ya fara kama jiki, sai ya ce ai kafin zuwan inji da jigo suke ban-ruwa, ya nuna yadda ake janyo igiya ƙasa a saki nauyin dutsen ya ɗaga guga, a juye wa shuka. Wannan ma ya shiga. Sai tsallaken duwatsu, wanda ba sai an koya wa kowa ba. Rawar duka daga waɗannan aka gina ta, ba a ƙirƙiro taku ko ɗaya daga ka ba.

Wani yaro ya tambaya wai ina ruwan yake zuwa in ya wuce Naraguta. Mai lambu ya ce Bauchi, iyakar saninsa ke nan. Malama ta zo da taswira washegari. Ruwan da ya wanke kwatocinmu yana gangarawa ƙasar Bauchi, ya shiga kogin da ake kira Bunga, wanda a gaba ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja a dausayin Haɗeja da Nguru, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Daga kan wannan tudun namu kuma kogin Kaduna da na Gongola suke tasowa. Wani cikin masu sarewa ya ce ashe masuntan Gashuwa suna da ƙorafi a kanmu ba su sani ba.

Inda muka kusa watsewa shi ne maganar ambaliya. A daren 22 ga Yuli 2012 an yi ruwa mai ƙarfi, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da maƙwabtansu ya rushe gidaje, mutum fiye da talatin suka rasu, da yawa yara ne. Babu wanda ya isa ya yi zancen kogin nan ya tsallake wannan dare. A zaman mata wata baiwar Allah ta fara ba da labarin abin da ya same ta, ta kai wani wuri ta ce a kashe na'ura. Aka kashe. Daga baya samarin suka zo da shawarar a yi fitowa guda ta ambaliya, da gudu da ihu da faɗuwa, ni kuma in haɗa musu rugugin ruwa a kwamfuta. Na ce ba da ni ba. Waɗanda suka binne 'ya'yansu za su zo kallon nan, ba zan sa musu ƙarar ƙarya a lasifika ba. Wani ya ce to ai ɓoye gaskiya ke nan. Aka yi ta ja-in-ja har aka tashi ba a daidaita ba.

Malama ce ta koma wajen matar ta tambaye ta abin da take so. Ta ce ba ta son a ji muryarta, ba ta son a kwaikwayi kowa yana nutsewa. Amma akwai abin da ba ta manta ba: kafin ruwan ya iso, abin da ya tashe ta shi ne mutane suna dukan ƙyauren maƙwabta. Aka tsaya a kan wannan. A tsakiyar rawar komai zai ɗauke, masu rawa su ajiye ƙore su tsaya cak, a ji dukan ƙyauren langa-langa daga nesa, ya matso, ya yawaita, sannan ya yanke. Na ɗauki sautin a lungunmu da rana tsaka, bayan na bi gida-gida na sanar, kada wani ya firgita.

Kiɗan da ya riƙe rawar daga cikin gida ya fito. Matan suka kifa ƙwarya a baho suka yi kiɗan ruwa irin na amada, suka haɗa da shantu. Wanda bai sani ba, muryar ƙwaryar tana bin iskar da aka tare a ƙarƙashinta ne: ka ɗan ɗaga gefe iska ta ƙaru ko ta ragu, sautin ya sauya. Yarinyar da ke riƙe da na'ura ta yi dabarar zura faifan nan nawa a cikin bahon, abin da ya fito kuwa wani dum ne mai kauri da ban taɓa samu daga ganga ba. A manhajar tace sauti ta Audacity na jera su: yashi a ƙasa, bugun Baba shi ne ma'auni, kiɗan matan a kai. Sarewa da kundung kuwa a wurin za a yi su da rai.

Nan ma sai da aka sha fama. Asharuwa rawa ce mai zafi, masu busa sun saba da sauri, bugun wanki kuma ba ya gaggawa. Duk lokacin da aka fara sai su tsere su bar shi a baya. Babbansu ya ce a ƙara wa na'urar gudu. Na ce in aka ƙara, ba Baba ba ne kuma. Mai kundung ne ya raba gardama: ya riƙa cike shirun nan da ke bayan bugu na uku da 'yan ƙananan kaɗe-kaɗe, sai masu sarewa suka samu inda za su taka. Samarinmu kuma sun so in zuba musu irin bugun kwamfuta na waƙoƙin yayi don abin ya yi armashi. Na ba su a fitowar ƙarshe kawai, kuma har yau ina ganin ita ce mafi rauni a cikin aikin, ko da yake ita aka fi yi wa tafi.

Wakilin Liman ya zo gwajin ƙarshe, ya zauna a kan benci daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba. Da aka gama ya ce kakansa ma a ramin kuza ya yi aiki, a Bukuru. Gyara ɗaya ya bayar, wai wandunan yaran su sauka ƙasa da gwiwa.

Mata suka riga mu. Sun yi nasu a tsakar wani babban gida, su kaɗai, har da 'yan matan majami'ar nan da iyayensu mata. Ban gani ba. Maiɗakina ta je, ta dawo ta ce mu maza wasan yara muke yi, domin a can Iya da kanta ta karɓi ƙwarya, wasu tsofaffi biyu da ba wanda ya san sun taɓa wankin kuza suka tashi suka bi ta.

Namu an sa shi ranar Asabar a watan Fabrairu, bayan la'asar, a wani fili na yashi da ruwa ya janye ya bari. Share wurin kaɗai ya ci mana safiya guda: baro bayan baro na leda, robar ruwa, tsumma, fasassun kwalabe. Mai unguwa ya sanar da hukuma, 'yan sintiri na ɓangarorin biyu suka tsaya tare a bakin hanya. Janareta muka kai can bayan wani dutse muka ja doguwar waya don kada ƙararsa ta cinye komai. Mutane sun zo fiye da zatonmu, wasu a kan gaɓa, wasu a kan katanga, wasu daga tsallake ba su ƙetaro ba amma ba su tafi ba.

Da sautin yashi muka buɗe, shi kaɗai, kuma na zura faifai guda a kogin kai tsaye don a ji abin da ke gudana a lokacin. Wata yarinya ta ce da ƙarfi, "Rediyon ba ta kama tasha ba!" Aka yi dariya. Sai bugun wanki ya shigo, samari suka fito da ƙore. Ba a yi nisa ba wani tsoho mai sanda ya ratso fili, 'yan sintiri suka yunƙura, Mai unguwa ya ɗaga musu hannu. Ya je gaban wani yaro ya kama bakin ƙwaryarsa ya danna ƙasa kaɗan, ya ce, "Haka. In ka ɗaga ta haka duk kuzar ta zube." Ya juya ya koma wurinsa. Yaron ya ci gaba yadda aka gyara masa.

Wajen dukan ƙyaure ba wanda ya yi motsi. Na ga wasu mata sun ja mayafi sun rufe fuska, wani magidanci ya juya ya bar wurin. Ban bi shi na tambaye shi ba. Muka ƙare kafin a kira magariba, kamar yadda aka yi alkawari.

Filin da muka share bai yi wata guda ba ya koma yadda yake. Unguwar ba ta da wurin zuba shara na kirki, motar kwasa ba ta shiga lungu, kuma rawa ba ta sauya wannan ba. Abin da ya saura shi ne sautin. Na zuba shi a katin waya na kai wa Baba mai wanki da mai lambu da Iya, saura kuma ya bi WhatsApp, har wani ɗan unguwarmu da ke Legas ya kira ni yana tambaya ko dutsen wankin nan na ƙasan gada ne. Iya ta karɓi nata ta ba jikarta, sannan ta tuna mini cewa ƙwaryarta da yara suka ara ta dawo da tsaguwa, kuma ba irin ta kasuwar yanzu ba ce. Na biya.

Yaran sarewa da namu suna da zaure guda a waya yanzu, rabin hirar ƙwallo ce. Sun matsa a ɗauki kogin da damina, lokacin da yake da bakin magana. Iyaye sun ce ba ɗan da zai sauka gaɓa a watan Agusta, ni ma ban musa ba. Na dai sayo waya mai tsawon da za ta kai ruwa daga kan gada, na kuma samo noti mai nauyi wanda igiyar ruwa ba za ta yi wasa da shi ba.